Moɗar Igwa da Awartakin Babana

Duk ranar Juma'a bayan la'asar, in na zauna shan shayi a shagon gahawa na bakin layinmu a unguwar Hayyin Ashir, nan ƙasar Misirawa, sai ɗaliban nan namu 'yan Kano da Sakkwato da Damagaram sun tsokane ni. "Baba Haladu, wai aikinka ke nan, ka zuba wa tsatsa ido kuma a biya ka?" Wani ma cewa ya yi da zai samu irin aikin da tuni ya rufe littafin nahawu ya huta. To ku gyara zama. Ni ma nahawun ne ya koro ni daga aji, sai na faɗa hannun malamin da ya fi shi tsanani.

Bari in fara gaya muku abin da nake zuba wa idon. Akwai ƙananan igwoyi na da waɗanda ba ta baki ake ɗura musu albarushi ba, ta baya ake yi. Kowacce tana da wasu kofuna na ƙarfe masu mariƙi, kamar moɗar shan ruwa, sai dai nauyinsu ya kai na jariri. A cika kofin da albarushi, a toshe bakinsa da katako, a zura shi a gindin igwa, a buga weji a bayansa don ya zauna daram, sannan a sa wuta ta wani ɗan rami da ke jikinsa. In an harba sai a cire a sa wani. Misirawa hazna suke ce masa, ni kuwa tun ranar da na fara ganinsa na sa masa suna moɗa. Igwar takan nutse a teku ko a narkar da ita, moɗar ce ke saura tana yawo a hannun mutane. Aikina shi ne a kawo min ita in faɗi shekarunta da ƙasar da aka ƙera ta.

Ni ɗan maƙera ne daga wani ƙauye a gabashin Damagaram. Ranar da zan taho karatu, babana ya ɗauko tsohon awartakinsa ya cusa min a jaka, ya ce in karatu ya ƙi kada in zauna hannu rabbana. Na ji haushin maganar, amma ko shekara biyu ba a yi ba ta tabbata. Awartakin nan na riƙe na shiga lungunan maƙeran tagulla da ke ƙasan Ƙal'a, tsohuwar fadar sarakuna da ke kan dutse, ina neman aiki, har na tsaya a ƙofar Usta Fahim, mai gyaran tsofaffin ƙarafa. Usta laƙabin maigidan sana'a ne a nan, shi kuma Halid yake ce mini maimakon Haladu. Bai ko kalli abin da na riƙo ba, tafin hannuna ya duba, ya ce in rataye kayana a ƙusar bango in ɗauki tsintsiya. Washegari da ya shigo ya cire hularsa ya ɗora a kan awartakin, daga nan kuma wurin ajiyar hula ya samu.

Aikin farko da na yi da hannuna shi ne ɓarnar da ta fi kowacce girma a rayuwata. Usta ya fita sallar azahar ya bar wata moɗa ta tagulla a kan tebur, ta yi kore shar. Na ce a raina yau zan burge mutumin nan. Na sayo tsamiya, na debo toka, na dirje ta kamar yadda innata ke wanke tasar gado, har sai da na ga fuskata a jikinta. Da Usta ya dawo ya ɗauke ta ya jujjuya. Can ya nuna wani wuri kusa da mariƙi ya ce, "A nan akwai lamba da aka rubuta da jan fenti, ya Halid. Shekara ɗari huɗu tana jiran wanda zai karanta ta, sai ta gamu da kai." Bai kore ni ba. Abin da ya yi ya fi kora zafi, domin sayen moɗar ya yi daga mai ita, ya ɗora ta a kan kanta daidai inda nake zama. Har yau tana nan tana ƙyalli, kuma har yau in na kalle ta sai na ji kunya.

Kayan aikinmu ba su da yawa, za su shiga aljihun riga. Buroshin haƙori da ya gama aikinsa, tsinken kara, maganaɗisu, gilashin ƙara girma, waya mai lanƙwasa, ma'aunin kauri, sikeli da 'yar tocila. Magagari da takardar goge ƙarfe haramun ne a shagonmu. Babban kayan aikin shi ne babban yatsa, kuma wannan ba a sayar da shi a kasuwa.

In aka ajiye min moɗa, ba shekarunta nake fara tambaya ba, sai na fara tabbatar da cewa moɗar igwa ce. Rabin abin da ake kawowa kofunan harbin biki ne, waɗanda ake girkewa a ƙasa su yi ƙara ranar ɗaurin aure ko maulidi. Waɗannan gindinsu faɗi gare shi, ba su da wuya. Ta gaskiya tana da wuya mai tsini da ke shiga cikin igwa, kuma in ka juya gindinta za ka ga inda weji ya daddake shi. Bayan nan sai in duba ko zubi ce ko ƙira. In ƙira ce sai in bi jikin ƙarfen. Ƙarfen zamanin da, wanda aka narko daga tama da gawayi, in tsatsa ta ci shi sai ya fito da zare-zare kamar tsohon icce. Ƙarfen masana'anta kuwa sumul yake, tsatsarsa rami-rami take yi. Ramin wuta ma yana magana: wanda aka huda da zafi bakinsa a kumbure yake kuma yakan ɗan karkace, wanda inji ya huda kuwa miƙe yake sak. Tambari da rubutu su nake dubawa a ƙarshe, don su suka fi komai ƙarya, kowane ɗan damfara ya iya zana tambari. Abin da ke kayar da gwanaye kuma shi ne siffa. An yi ɗaruruwan shekaru ana ƙera moɗa da kama ɗaya, daga ƙasar Turawa har bakin Bahar Maliya, saboda haka wanda ya dogara da siffa kaɗai zai iya kuskuren shekara ɗari huɗu yana murmushi.

Wani attajiri daga Iskandariyya ya taɓa kawo mana tasa, yana ta yabonta, wai shekara goma sha biyar a ciki yake kakkaɓe tokar sigarinsa. Na zura waya sai na ji ta tsaya tun ba ta je ko'ina ba. Na haska tocila, sai ga toshiyar katako tana nan daram, ma'ana abin da aka ɗura tun zamanin da yana ciki. Na miƙa wa Usta wayar ba tare da na ce komai ba. Ya auna, ya dubi mutumin da sigari a bakinsa, ya ce, "Ya basha, don Allah fita waje ka ƙarasa shan abin nan." Mai yiwuwa albarushin ya daɗe da mutuwa, amma ba mu muka so gwadawa ba. Wannan guntun katako kuma shi ya fi moɗar daraja a wurin masu bincike, don da shi ake gane irin iccen da shekarunsa.

Kun ji na ce ban ce komai ba. Wannan ita ce dokar shago, ba shagonmu kaɗai ba, duk lungun. Gaban mai kaya, usta ne kawai ke da baki. Kai naka shi ne ka goge, ka auna, ka miƙa abin da aka ce ka miƙa. In ka gyara wa usta magana a gaban baƙo, ka ɗauki takalmanka, kuma ba wanda zai ɗauke ka aiki daga nan har bakin Kogin Nilu. Na yi shekara ashirin da uku a haka. Na yi aure, 'yar Hausawan Sudan na auro daga unguwar Arba wa Nus, na haifi 'ya'ya, gemuna ya fara furfura, amma ko sau ɗaya Usta bai taɓa cewa "me ka gani?" a gaban mutum ba. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba.

Sai ga shekarar 2011, shekarar da gari ya rikice. Baƙi masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, Turawa masu bincike suka tattara, lungunmu ya yi tsit har kana jin kukan kyanwa daga wancan ƙarshen. Waɗanda suka riƙa zuwa su ne masu kaya a buhu, da ɗanyar ƙasa a jikin abin. Usta ko taɓawa ba ya yi. "Mayar da shi inda ka tono shi, khalas," shi ke nan amsarsa. Muka koma gyaran fitilun azumi da ƙafafun risho, har da ƙera 'yan igwoyin gwangwani da ake ƙawata shaguna da su a watan Ramadan. Ni da ke faɗin shekarun igwa, ga ni ina manna wa ta wasa taya. A wannan shekarar ce kuma ciwon suga ya cinye idon Usta. Ya sayi baƙin tabarau, ya hana ni faɗa wa kowa. Ni nake sa masa abu a hannu, ni nake rubuta takarda, shi ya buga hatimi. Dukiya ta tafi, ido ya tafi, abin da ya rage masa a duniya shi ne wannan hatimin, wanda shekara hamsin ba a taɓa kama shi da kuskure ba.

Bayan shekara biyu, wata safiya mota ta tsaya a bakin lungu, direba ya shigo rungume da abu a cikin tawul, wata dattijuwa 'yar Zamalek, unguwar masu hali, tana biye da shi da sandarta. Madam Surayya sunanta. Ta ce moɗar ta kakanta ce, a gidansu an tashi ana cewa daga jiragen yaƙin zamanin sarakunan Mamluk na da ta fito. Gobe za ta miƙa ta kyauta ga wata jami'a da sunan kakan, daktoci za su duba ta da na'urorinsu, amma tana so takardar Usta Fahim ta raka ta. Yau take so, kuma a nan za ta zauna ta jira. Shagon ɗaki ɗaya ne, ba inda zan ja Usta gefe.

Na ɗora ta a tebur na fara bi da buroshi. Baƙin ƙarfe ce, ƙira, wuyanta tamam, gindinta ya sha dukan weji. An shafe ta da kakin zuma mai kauri. Da na ɗan ɗaga kakin na haska tocila sai na ga jikinta sumul yake, babu zare ko ɗaya. Ƙarfen masana'anta ne. Na matsa wurin mariƙi, sai na ga abin da na sani tun ina yaro. Inda aka haɗa mariƙi da jiki, an tsaga bakin ƙarfen biyu an cusa, an dake da zafi, sannan an bi da gefen masaba an yi sara uku a karkace. Na juya gindi inda aka toshe, ga su nan ma, uku, don haka ba gyara ba ne daga baya, hannu ɗaya ya yi duka. Kulli muke ce wa wannan sara. Maƙeran yankinmu ba sa sakin haɗi sai sun kulle shi haka, tun ina zuga wa babana wuta nake ganinsa.

Na sa wa Usta ita a hannu. Yatsunsa suka bi wuya, suka bi gindi, ya ɗaga ta ya ji nauyi, ya zura ɗan yatsa a ramin wuta. Duk abin da yatsa zai iya gani ya gani daidai. Abin da ke ƙarƙashin kaki kuwa sai ido.

"Ta gaskiya ce, ya hanim, kuma ta yi yaƙi," in ji shi. "Wannan siffar ta jiragen Bahar Maliya ce. Shekara ɗari biyar, ko ƙasa kaɗan."

Madam Surayya ta tafa hannu. Usta ya ajiye hannun hagu a kan moɗar, ya buɗe na dama ya ce, "Yalla ya Halid, takarda da hatimi."

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. In na yi shiru, gobe daktoci za su ɗaga kakin nan su ga abin da na gani, sunan Usta ya zama abin dariya a ƙarshen rayuwarsa, kuma da rubutuna. In na buɗe baki, na tozarta shi a gaban baƙuwa, na kuma tona cewa ba ya gani. Hannunsa na nan a buɗe yana jira. Na juya wajen bango, na ɗaga hularsa, na ciro awartakin babana na ɗora masa a tafi. Ƙafa ɗaya ta awartakin ta taɓa karyewa tun kafin a haife ni, babana ya ɗinke ta, ya kulle da saran nan uku.

"Wannan ba hatimi ba ne," in ji Usta, murya ƙasa-ƙasa.

"Ma'alish, yi haƙuri ya Usta, hannuna ne ya kuskure."

Na faɗi haka amma ban karɓa ba. Na san mutumina. Ba zai iya riƙe ƙarfe yatsansa bai karanta shi ba, ko cokali ne. Babban yatsan ya fara tafiya da kansa, ya gangara, ya isa wurin ɗinkin, ya tsaya. Ya koma baya ya sake bi. Sai na ga yatsan hagu ya motsa a kan mariƙin moɗar, ya lalubo, shi ma ya tsaya. Ya daɗe a haka, ƙarfe a kowane hannu, har Madam Surayya ta tambayi direbanta ko lafiya.

"Wa ya ɗinke wannan?"

"Babana, ya Usta."

"Shi kaɗai ke yin haka?"

"Duk maƙeran yankinmu. Da waɗanda suka bi hanyar Makka da ƙafa suka zauna a Sudan."

Sai ya ce, "Jikin moɗar fa? Akwai zare?"

Karo na farko ke nan da ya taɓa tambayata abin da na gani a gaban mai kaya. Na ce, "Babu, ya Usta. Sumul."

Ya ajiye su biyun a hankali, ya gyara tabarau, ya juya inda yake jin numfashin baƙuwar. "Ya hanim, na yi gaggawa. Wannan ba daga teku ta zo ba. Usta Halid zai gaya miki, ƙasarsu ce."

Sai da na waiga in ga wane ne Usta Halid. Sannan na yi mata bayani: siffar tsohuwa ce amma ƙarfen na masana'anta ne, maƙerin ƙasar Sudan ne ya ga irin ta zamanin da ya kwaikwaya, wataƙila ma Bahaushe, kuma shekarunta ɗari da 'yan kai ne, ba za su kai ɗari da hamsin ba.

"Ɗari da 'yan kai?" Ta buga sandarta a ƙasa. "Ai gwaggona ma ta kusa haka!"

Na ce shi ke nan, ta fusata. Sai ta kalli moɗar, can ta ce kakan nata ai soja ne, kuma a Sudan ya yi ƙuruciyarsa, akwai hotonsa a falo da rawani irin na can. Wato ba saya ya yi a kasuwa ba, da hannunsa ya ɗauko ta. Ta fashe da dariya ta ce wannan labarin ya fi na Mamluk, don wannan nasu ne. Na rubuta takarda, Usta ya buga hatimi, sannan ya ce in sa sunana a ƙasa. Daga baya mun ji cewa daktocin sun yi mako uku da na'urorinsu, suka fito da abin da ke cikin takardar.

To kun ji abin da ake biyana, ku masu cewa kallon tsatsa ne. Wanda ke so ya gwada ya zo ranar Asabar, akwai tsintsiya.

Amma ban gaya muku yadda muka ƙare ranar ba. Da motar ta tashi shagon ya yi tsit, ni kuwa ina tsaye ina jiran hukunci, don ko ta wace hanya aka duba na gyara wa usta magana a gaban baƙo. Ya sake lalubo awartakin, ya shafa saran nan uku.

"Tun yaushe wannan yake shagona?"

"Tun ranar da na zo, ya Usta. A kansa kake rataye hularka."

Ya yi dariya har da tari, ya share ido ta ƙarƙashin tabarau, ya miƙo mini shi da hannu biyu. "Mayar da shi ƙusarsa," ya ce. "Hular kuma ka nemo mata wani wuri."

Washegari da sassafe na buga sabuwar ƙusa, ƙasa da ta awartakin kaɗan.